Munsharin Mai Aski

Injin askin na tafiya lafiya lau a ƙeyar wani direba, sai kawai ya yi gaban kansa. Ya haura ta bayan kunne, ya share hanya tas har tsakiyar kai. Direban ya ji iska na taɓa shi inda bai kamata ba, ya ɗaga ido ya dubi madubi. Mai askin na tsaye a bayansa, ido a rufe, baki a sake, haɓa ta sauka a ƙirji.

"Janareta! Barci kake yi a kaina?"

Mai askin ya zabura, injin ya kusa suɓuce masa. Masu jiran layi a kan benci suka kwashe da dariya har da buga ƙafa. Wani ya ce ai sabon yayi ne, wani ya ce a bar wa direba titinsa, dama sana'arsa ce. Ba yadda za a yi, dole aka aske kan gaba ɗaya. Direban ya fita yana shafa ƙoƙon kansa yana ƙunƙuni.

Maƙwabta ne suka raɗa masa Janareta, domin in ya kwanta har gidan da ke bayansu ana jin munsharinsa. Ƙato ne mai kaurin wuya, amma hannunsa da laushi, duk layin ba wanda ya kai shi iya gyaran fuska. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Shi da bakinsa yakan ce duk namijin da ba ya munshari a bincike shi.

Da la'asar Mai Jaka ya leƙo. Wani siririn mutum ne da ke bin shagunan aski da garejin kanikawa da baƙar jaka a hammata.

"Ina mazan suke? Ko duk kun zama hoto?"

Ya zuge jakar a kan teburin almakashi da hoda. Ga 'yan kwalabe marasa suna, ga ƙwayoyi ƙulle a leda, ga wani gari a takarda. Abin mamaki, a shagon nan ba a taɓa samun wanda ya saya don kansa ba. Kowa wani abokinsa ne ke fama, bawan Allah, zai taimaka masa. Janareta kuwa ya fi kowa ɗaga murya wajen tsiya.

"Kai, kwashe tarkacenka! Mu nan sai dai mu ba ka sari."

Amma bayan an watse, yana cikin sharar gashi, Mai Jaka ya dawo kamar ya yi mantuwa. Ya ajiye ƙulli a bayan kwalbar man gashi, ya fice, ba wanda ya dubi idon wani. Sun daɗe suna haka.

* * *

Abin da 'yan benci ba su sani ba shi ne, Janareta ya jima rabonsa da iya kusantar matarsa. Abin ya fara kamar wasa, yau gajiya, gobe ciwon kai, har ya zama jikinsa ya daina amsa masa kwata-kwata. Kayan Mai Jaka sai su sa zuciyarsa bugawa da kansa sarawa, su bar shi inda suka same shi.

Matar tasa tela ce, keken ɗinkinta na bakin tagar falo, ana ce mata Maman Biyu saboda tagwayensu mata. Ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba, ko a fuska. Abin da ke hana ta barci daban ne. Munsharin kansa ta saba da shi, har ya zame mata kamar ƙarar fanka. Shirun da ke ratsa shi ne ba ta saba da shi ba. Yana cikin ja sai ya ɗauke ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Sai ta yi kasaƙe tana jira, in ya ƙi dawowa ta zungure shi da gwiwar hannu, ya shaƙo iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

Shi kuwa duk sanda ya farka ya ji gwiwar hannunta a haƙarƙarinsa, sai ya ɗauka tuni take masa. Kunya ta rufe shi, kunyar ta koma haushi, ya juya ya fuskanci bango. A gado ɗaya suke, ita tana gadin ransa, shi yana jin ana yi masa gori.

Wata safiya tana zuba masa shayi ta ce, "Baban Biyu, jiya ma ka yi. Numfashinka ɗaukewa yake yi, wallahi."

"To, an fara."

"Ba farawa ba ce. Mu je asibiti a duba ka."

Kalmar asibitin ce ta soke shi. A ransa ya ce, ga ta nan, ta biyo ta bayan gida. "In je in ce me ya kawo ni? Munshari? Mutane na can da ciwon gaske, ni in je in tsaya ana kallona?"

"Ni dai tsoro nake ji."

"In barcina ya dame ki, ai ga falo nan."

Ya ajiye kofin da sauran shayi a ciki, ya ɗauki makullin shago.

* * *

Akwai wani likita da ya yi shekara da shekaru yana aski wurinsa, mutum mai sanƙo wanda duk da haka ba ya fashin zuwa. Ranar da abin ya faru da hantsi ya zo, shagon ba kowa. Janareta ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa, ya sa sabuwar reza. Sai da ya gama gefe ɗaya na gemun, sannan Likita ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Madam ta zo wurina. Na ce ta bar ni da kai, za mu yi magana ta maza."

Rezar ta tsaya.

"Ta yi min bayanin yadda kake barci. Ta kuma faɗa min ɗaya maganar. Kada ka ji komai, ba kai kaɗai ba ne. Sau da yawa tushensu ɗaya. In ka yi barci maƙogwaro na rufewa, iska ba ta isar jini, jiki ba ya samun barci mai nauyi. A hankali jijiyoyin jini su gaji, gaba ya yi rauni, hawan jini ya shigo, da rana kuma ga gyangyaɗi. Akwai gwajin da za a yi maka, akwai na'urar da ake kwana da ita. Da yawa in barcin ya gyaru, wancan ma yana gyaruwa. Amma kayan masu jakar nan ka rabu da su, za su iya kai ka ƙasa."

Likita ya yi bayani mai kyau, sai dai Janareta bai ji ko rabinsa ba. Kunnensa ya tsaya a kan "ɗaya maganar". Wannan mutumin da yake riƙe wa kai yana juyawa yadda ya so, yau ya san shi tsirara. Ya ƙarasa askin tsaf, ya goge, ya shafa hoda, ya kakkaɓe ƙyallen, har da cewa a gaida gida. Likita na fita ya ja ƙofar shago ya datse.

A gida ya tarar da Maman Biyu tana yankan yadi a ƙasa, allura a baki, tagwaye na makaranta.

"Me kika je kika faɗa wa Likita?"

Ta cire allurar. "Gaskiya na faɗa masa. Tambayata ya yi, na ba shi amsa."

"Komai da komai?"

"Likita ne fa, Baban Biyu."

"Likita a wurinki! Ni a wurina mutum ne da ke zama a kujerata! Kin ɗauki asirina kin kai kasuwa. Ashe dama abin na cin ki, kike min fuska biyu."

"Wallahi ba shi ya kai ni ba. Numfashinka..."

"Tattara ki tafi gidanku. Sai na neme ki."

Ta ajiye almakashin. Sannan ta naɗe yadin mutane a hankali, don kada ya yamutse.

* * *

Iyayenta sun rasu, gidansu yanzu gidan babban wanta ne, malamin makaranta mai ritaya da kowa ke kira Yaya. Shi ya kira zama a falonsa. Janareta ya zo da Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami, kuma har yau ba ta yarda ya taɓa yin laifi ba.

Yaya ya ce, "Mace ba ta dawowa gida haka kawai. Me ta yi maka?"

Janareta ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Gwaggo ce ta karɓe.

"Tunda shi kunya ta hana shi, ni bari in faɗa. Na je asibiti a kan gwiwata, da idona na gan ta ta fito daga ofishin likitan nan, an rufe ƙofa an daɗe. Ido jawur, shi kuma har bakin ƙofa ya rako ta yana lallashi. Da ta hango ni sai ta kauce. Na yi shiru ne don ban so in raba aure. To ga shi Allah ya nuna masa da kansa."

Matar Yaya ta dafe ƙirji.

Maman Biyu ta ce, "A kan munsharinsa na je, Yaya."

Gwaggo ta tafa hannu. "Munshari! Yaron nan tun yana saurayi yake munshari, duk unguwa ta sani. Shi ne sai yau ake rufe ƙofa a kansa ana kuka?"

Yaya ya dubi ƙanwarsa. "In munshari ne kawai, me zai sa ya kore ki? Akwai wani abu. Ki faɗa."

Magana ɗaya ce za ta wanke ta, kuma tana bakinta. Ta juya ta dubi mijinta, ba da roƙo ba, kallon mai ba mutum hanya ya wuce. Shi ma ya san maganar. Ya ji ta taso masa har maƙoshi, sai ya hango matar Yaya, ya hango Gwaggo da bakinta da ba ya riƙe ruwa, ya hango 'yan benci suna buga ƙafa. Ya ci gaba da murza hula.

Ta sauke ido. "Ba ni da abin faɗa, Yaya."

A nan ta rufa masa asiri da nata mutuncin, shi kuma ya karɓa ya tashi da shi. Bai yi mata ƙazafi da bakinsa ba, wannan ya riƙa faɗa wa kansa a hanya. Bai ce komai ba, shi ke nan laifinsa, kuma ya isa.

Maganar ba ta kwana ba. Matan da ke kawo mata ɗinki suka fara aiko a karɓo musu yadinsu ko ba a taɓa ba. Yaya ya daina cin abinci in tana wurin. Likita ya ji ƙishin-ƙishin, ya zo shago don su yi magana, Janareta ya ce reza ta ƙare. Mutumin ba shi da ikon faɗa wa duniya abin da aka gaya masa a ofis, sai ya canza wurin aski.

* * *

Yanzu da ba mai zungurinsa, Janareta yakan tashi da safe kamar an kwana ana dukansa, harshe a bushe, kai kamar zai tsage. Kayan Mai Jaka kuwa bai daina ba, ya ma ƙara, wai yana shirin ranar da zai dawo da ita ya nuna mata. Wata azahar ya sunkuya zai ɗauki burushi, sai ƙasa ta taso ta same shi. 'Yan benci ne suka kinkime shi zuwa asibiti, takalmi ƙafa ɗaya.

Wata likita ce ta karɓe shi, matashiya mai gilashi, ba ta san shi ba, ba ta san shagonsa ba. Ta ce jininsa ya hau ƙwarai, ta tambayi abin da yake sha. Da ya ga bango ne kawai ke jinsu, ya faɗa mata duka. Abin da ya ba shi mamaki, ko gira ba ta ɗaga ba.

"Wa ke kwana kusa da kai? Ina so in tambaye ta yadda kake numfashi."

"Ta yi tafiya."

Aka kwantar da shi aka manna masa wayoyi, ya kwana ana auna shi. Da safe ta nuna masa sakamakon, ta ce numfashinsa na yankewa ba adadi, wata yankewar har ta isa a tsorata.

"Mai ɗakinka ba ta taɓa tashinka ba in ka ɗauke?"

Sai yanzu ya gane mece ce gwiwar hannun nan. Ya juya fuska ya ce fankar ɗakin ce ke sa masa hawaye.

Na'urar da aka ba shi 'yar ƙarama ce, da tiyo da abin rufe hanci, tana hura iska a hankali don kada maƙogwaro ya rufe. Da fari ya tsane ta, yana ganin kansa kamar mai aikin feshi. Amma ya daure, ya sha maganin hawan jininsa, ya rage ciki, ya sallami Mai Jaka. Gyangyaɗin ya tafi. Maƙwabta suka fara tsokanarsa wai an ɗauke wa Janareta mai. Bayan 'yan watanni kuma, wata asuba, jikinsa ya amsa masa kamar da. Ya zauna a bakin gado, murna ta zo, ta duba ba ta ga wanda za a yi ta da shi ba, ta koma.

* * *

Ya yi wa kansa gyaran fuska, ya sa riga mai guga, ya sayi kayan marmari, ya nufi gidan Yaya da yamma. A barandar baya ya same ta, inda aka ajiye mata kekenta, tana ɗinka rigunan makaranta da wani shago ke ba ta. Ta rame, amma idonta ya washe. Tagwaye suka rungume shi, suka karɓi ledar suka yi ciki da gudu.

Suka gaisa kamar maƙwabta. Ya tsuguna gefen keken ya rage murya.

"Maman Biyu, na je asibitin. Duk abin da kika faɗa haka ne. An ba ni na'ura, yanzu barci nake yi kamar jariri." Ya ƙara matsowa kusa. "Kuma ɗaya matsalar ma ta warware. Na warke sarai."

Ya faɗe shi da 'yar fara'a, kamar mai miƙa tsaraba. Ta tsayar da keken.

"Alhamdu lillahi. Na ji daɗi, har raina. Amma kai har yanzu kana ganin abin da nake jira ke nan?"

"A'a, ni dai..."

"Na taɓa tambayarka? Ko sau ɗaya? Ni mutuwarka nake tsoro, kada in farka in ga gawa a gefena. Ka san rabona da barci har safe? Sai a gidan nan na samu, gidan da wana ba ya iya haɗa ido da ni."

"Ki yafe min. Ki zo mu koma."

"Yafiya na yafe. Komawa kuma, da wane suna? Jiya 'yarka ta dawo daga makaranta tana tambayata wai me na yi da likita." Muryarta ta karye, ta gyara ta. "Ba na ce ka tara jama'a ba. Yaya na falo. Ka shiga ka gaya masa abin da ya kai ni asibiti, da abin da ya sa ka kore ni. Shi kaɗai ya ishe ni. Kana faɗa, yau ɗin nan zan bi ka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya miƙe da ƙarfinsa. Abu ne mai sauƙi, ai ya faɗa wa likita mace ma bai mutu ba, kuma yanzu ya wuce, labari ne kawai. Tagar falon a buɗe take ta wajen baranda, ya san za ta ji.

Yaya na zaune da jarida. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya naɗe jaridar, ya cire gilashi. Matarsa ta kawo ruwa, maimakon ta fita sai ta zauna a hannun kujera.

"To, ina jinka."

"Yaya, dama a kan maganar asibitin nan ne. Gaskiya ta faɗa, munshari ne. Ciwo ne ashe, har na'ura aka ba ni."

"Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ai ta faɗa tun ranar. Abin da na tambaya tun ranar kuma, har yau ba a ba ni amsa ba. Me ya sa ka kore ta?"

Janareta ya buɗe baki. Matar Yaya ta ɗan matso. Ya tuna ƙanenta na cikin masu zama a bencinsa. Ya dubi kofin ruwan, ya dubi silin, ya dubi furfurar da ta taru a bayan kunnen Yaya. Gumi ya tsattsafo masa a wuya. Kalmomin na nan a jere, ya san na farko, ya san na ƙarshe.

"Yaya," ya ce, "sumarka ta taru. Ka biyo ta shago gobe in rage maka."

Yaya ya mai da gilashinsa ya buɗe jarida.

Daga baranda aka ji keken ɗinki ya tashi, a hankali da farko, sannan ya kama gudu, bai ƙara tsayawa ba.